Neman sankarar mama da igiyoyin maikirowef: nazarin aikin wata tawaga a Ingila

Matsalar da aka tarar

Lamarin nan ya shafi wata tawaga ce ta injiniyoyin lantarki da masana kimiyyar asibiti a wata jami'a da ke kudu maso yammacin Ingila, da kuma kamfanin da ya tsiro daga aikinsu. Sama da shekara 20 suka shafe a kan tambaya guda: ko za a iya gano ƙarin sankara a cikin mama da igiyoyin maikirowef, dangin waɗanda wayar salula ke aiki da su, ba tare da eksire ba, ba kuma tare da an matse mama tsakanin faranti biyu ba.

Sankarar mama ce kan gaba a cikin sankarorin da ke kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an same ta a jikin mata miliyan 2.3, kuma kusan 670,000 suka rasu. Babban makamin gano ta da wuri shi ne hoton mamogiram, wato eksire na mama. A Ingila ana gayyatar mata masu shekara 50 zuwa 70 su zo a ɗauke su wannan hoto duk bayan shekara uku. Yana aiki, ya kuma ceci rayuka, amma yana da wata makanta da likitocin hoto suka daɗe da saninta.

Cikin mama kashi biyu ne a taƙaice. Akwai kitse, akwai kuma naman nono, wato ƙwayoyin da ke samar da ruwan nono da bututunsu da zaren da ke riƙe da su. A hoton mamogiram kitse yana fitowa da duhu, naman nono yana fitowa fari, ƙari shi ma fari. Idan kitse ya rinjaya, ƙarin zai fito sarai. Idan kuwa naman nono ya cunkushe, fari ya hau kan fari, sai ido ya rasa abin kamawa. Wani bincike da aka yi a birnin New York aka wallafa a 2002 ya nuna cewa mamogiram ya gano kashi 98 cikin 100 na sankarar da ke cikin mama mai yawan kitse, amma kashi 48 kacal a mama mafi cunkoso. A Amurka sama da kashi 40 cikin 100 na mata masu shekara 40 zuwa 74 suna da irin wannan cunkoso, kuma cunkoson kansa yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar.

Akwai hoton MRI, da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, wanda cunkoso bai cika dame shi ba, sai dai yana da tsada, yana cin lokaci, kuma sai an yi wa mace allurar rini a jijiya. Akwai sikanin, mai araha, amma ingancinsa ya rataya ne a hannun mai ɗauka. Giɓin da ke tsakanin waɗannan shi tawagar ta so ta cike.

Abin da igiyar ke gani a jikin mutum

Igiyoyin maikirowef suna tsakanin megahaz 300 da gigahaz 300, wato ma'aunin yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya. Tukunyar ɗumama abinci tana aiki a gigahaz 2.45. Ba su da ƙarfin fasa ƙwayar halitta irin na eksire, kuma abin da ake turawa cikin mama bai kai ƙarfin da wayar salula ke fitarwa ba. Saboda haka ana iya maimaita gwajin sau da yawa ba tare da fargabar tarin haske mai illa irin na eksire a jiki ba.

Sifofi biyu na nama ne ke yanke abin da zai faru da igiyar idan ta shiga jiki. Ta farko ita ce riƙon lantarki, wato yadda nama ke tara ƙarfin lantarki yana rage wa igiya gudu. An ɗauki na iska a matsayin 1. Na ruwa ya kusa 80. Ta biyu ita ce gudanar da lantarki, wadda ke nuna yadda nama ke shanye igiyar yana mai da ita zafi. Duka biyun suna bin yawan ruwa da gishirin da ke cikin naman. Kitse ba shi da ruwa sosai, don haka riƙonsa bai cika wuce 5 zuwa 10 ba. Ƙarin sankara yana da ruwa da jini da yawa, nasa yakan kai 50 ko fiye. Duk inda igiya ta tsallaka daga nama mai ƙaramin riƙo zuwa mai babba, wani sashe nata zai dawo baya a matsayin amsa-kuwwa, kuma girman amsa-kuwwar yana bin girman bambancin.

Akwai ciniki a nan da ba a kauce masa. A gigahaz 3 tsawon igiya a iska santimita 10 ne. A cikin nama mai riƙo 9 yana raguwa zuwa kusan santimita 3.3, a mai riƙo 49 kuma zuwa kusan 1.4. In ana son ganin ƙaramin abu dole a ɗaga gigahaz ɗin domin igiyar ta gajarce, amma da an ɗaga sai nama ya shanye ta kafin ta yi nisa. Shi ya sa yawancin na'urorin suka tsaya tsakanin gigahaz 1 da 10. Shi ya sa kuma tun farko aka san ba za su ga ɗigon alli da bai kai milimita ɗaya ba, wanda mamogiram ke gani kuma yakan zama alamar farko ta wasu sankarorin.

Daga nakiya zuwa mama: shekarun 1990 zuwa 2006

Tawagar ba da mama ta fara ba. Aikinta na farko shi ne rada mai leƙa ƙasa domin gano nakiyoyin da aka binne, musamman na roba waɗanda na'urar gano ƙarfe ba ta jin su. Dabarar ita ce a jera eriya da yawa, ɗaya ta aika igiya sauran su saurara, a zagaya har kowace ta aika. Daga nan kwamfuta ta ɗauki kowane ɗigo a cikin ƙasa, ta lissafa tsawon lokacin da igiya za ta ɗauka ta je ta dawo, ta jera saƙonnin bisa wannan lokaci, ta tara su. In akwai abu a wurin, saƙonnin za su hau kan juna su yi ƙarfi. In babu, sai su kashe juna. Abu mai bambancin riƙo da aka binne a cikin wani abu: da an faɗi haka, ba sai an yi nisa ba kafin tunani ya kai ga ƙari a cikin mama.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. A 1998 Susan Hagness da Allen Taflove da Jack Bridges suka wallafa lissafin kwamfuta a Amurka da ya nuna cewa irin wannan rada za ta iya gano ƙananan ƙari. A 2000 Paul Meaney da abokan aikinsa a Kwalejin Dartmouth suka bayyana na'urar asibiti mai eriya 16, wadda ta bi wata hanya dabam: tana ƙoƙarin zana taswirar riƙon lantarki na maman gaba ɗaya daga igiyoyin da suka ratsa shi.

Dukkansu a kan tushe ɗaya suka yi gini. Akwai 'yan awo da aka yi a shekarun 1980 da farkon 1990, irin na Chaudhary a 1984, na Surowiec a 1988 da na Joines a 1994, waɗanda suka gwada naman da aka ciro a tiyata. Daga cikinsu aka ɗauko cewa ƙari ya ninka lafiyayyen naman mama sau da yawa a sifofin lantarki, ana yawan ambaton ninki 5, wani lokaci har 10. Idan aka tuna cewa a eksire bambancin ƙari da naman da ke kewaye da shi 'yan kaso kaɗan ne cikin 100, za a gane abin da ya ɗauki hankalin injiniyoyi. Samfuran da aka gwada ba su da yawa. Campbell da Land a Glasgow sun ba da rahoto a 1992 cewa lafiyayyen nama yana bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, har awonsa yana shiga cikin na ƙari, amma wannan gargaɗi bai samu kunnuwa da yawa ba.

A ɗakin gwaji tawagar ta haɗa kwaikwayon mama: siririyar fata ta roba, an cika ta da wani ruwa mai riƙo kusan 10, an saka ɗan dunƙule mai riƙo kusan 50 a matsayin ƙari. Na'urar ta gano dunƙule mai faɗin milimita 4 da mai 6. A tsakiyar shekarun 2000 aka kafa kamfani domin kai aikin kasuwa.

2007: awon da ya sauya lissafi

A 2007 mujallar Physics in Medicine and Biology ta wallafa rahotanni biyu na haɗin gwiwar Jami'ar Wisconsin da Jami'ar Calgary, Mariya Lazebnik ce kan gaba a jerin marubutan. Shi ne awo mafi girma da aka taɓa yi a kan wannan batu har zuwa lokacin. Na farko ya auna samfuri 354 daga mata 93 da aka yi wa tiyatar rage mama, wato lafiyayyen nama. Na biyu ya yi awo 319 a kan naman da aka ciro daga mata 196, mafi yawansu a tiyatar sankara. An auna daga gigahaz 0.5 zuwa 20, ta hanyar danna bakin wani ɗan sandan awo a kan naman jim kaɗan bayan an ciro shi. Abin da ya bambanta wannan aiki da na baya shi ne, likitan ƙwayoyin nama ya duba kowane samfuri a madubin ƙara girma, ya rubuta kaso nawa ne kitse, kaso nawa naman nono, kaso nawa sankara.

Sakamakon ya rabu biyu. Tsakanin sankara da nama mai yawan kitse, bambancin yana iya kai ninki 10, kamar yadda aka zata. Tsakanin sankara da lafiyayyen naman nono kuwa, bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Naman nono shi ma cike yake da ruwa. Kuma sankarar mama daga bututu da ƙwayoyin nono take tasowa, don haka yawanci a cikin wannan naman take zaune ko a gefensa. Tsintar tsakuwa a cikin gari aikin yaro ne, tsintarta a cikin gero kuwa sai mai ido da haƙuri. Kwaikwayon maman da aka yi ta gwadawa a ɗakunan bincike duk gari ne.

Wahalar ba ta tsaya ga raunin amsa-kuwwar ƙari ba. Kowane dunƙulen naman nono da ke cikin kitse yana mayar da tasa amsa-kuwwar mai ƙarfi, kuma na'ura ba ta da hanyar sanin wanne ne ƙari. Sannan lissafin tara saƙonni yana ɗauka cewa gudun igiya ɗaya ne ko'ina a cikin mama, alhali gudunta a kitse ya ninka na naman nono fiye da sau biyu. Idan lokacin da aka lissafa ya kauce, saƙonnin ba za su hau kan juna a inda ya dace ba. Hoton zai dushe, ko tabon ya fito a wurin da babu komai.

Ba kowa ne ya karɓi kashi 10 ɗin hannu biyu ba. Tawagar Dartmouth ta nuna cewa sandan awon ya fi jin siririn saman naman da yake taɓawa, abin da bai kai milimita ɗaya ba, don haka ɗan kitse ko ruwa a bakin sandan na iya karkatar da awo. An kuma nuna cewa naman da aka ciro, wanda ya huce jini ya tsiyaye daga cikinsa, ba daidai yake da wanda ke jikin mai rai ba. Wani awo da aka yi a Hiroshima ta Japan aka wallafa a 2014 ya samu bambancin da ya fi na Wisconsin. Duk da wannan ja-in-ja, ba wanda ya koma kan tsohon zancen cewa mama kitse ne zalla da ƙari a tsakiya.

2008 zuwa 2011: eriya 16, 31, 60

Tawagar ba ta ajiye aikin ba. Ta koma gwada kwaikwayon mama mai dunƙulen nama a ciki da ƙaramin bambanci, ta kuma shiga asibiti. Tsarin gwajin shi ne mace ta kwanta rub-da-ciki a kan gado mai rami, mama ya sauka cikin wani ƙoƙon tangaran, eriyoyi suna kewaye da ƙoƙon ta waje. Ana shafa wani mai da aka haɗa da farafin da kakin zuma da ruwa tsakanin fata da ƙoƙon, domin kada iska ta rage a tsakani. An daidaita riƙon tangaran ɗin da na man zuwa kusan 10 don igiya ta shiga ba tare da ta yi tsalle da yawa ba.

Matsala ta farko a jikin mutum ita ce fata. Kaurinta milimita 1 zuwa 3 ne kawai, amma riƙonta ya kusa 40 kuma ita ce mafi kusa da eriya, don haka amsa-kuwwarta ta ninka ta ƙari nesa ba kusa ba. Maganin da suka samo shi ne a ɗauki awo, a juya jerin eriyoyin kaɗan, a sake ɗauka, a debe na biyu daga na farko. Fata tana nan kusan yadda take a duka biyun, sai ta ɓace. Ƙari kuwa ya sauya matsayi a idon eriyoyin, sai ya rage. Dabarar tana aiki ne muddin mama ya cika ƙoƙon daidai kuma mace ba ta motsa ba. Ƙaramin kumfan iska ko numfashi mai ƙarfi ya isa ya bar ragowar fata a hoton, ta fito kamar ƙari. Abin da ya faɗo daidai kan layin da ake juyawa shi ma yana iya ɓacewa tare da fatar.

Na'urar farko da ta shiga asibiti eriya 16 gare ta, wato awo 120 idan aka haɗa kowace eriya da kowace. Bayanan sun yi kaɗan ga mama mai cunkoso. Ta biyu mai eriya 31 ce, awo 465, da sabon nau'in eriya ƙarama. Hoton ya gyaru, amma kowane zagaye yana cin daƙiƙa 90, kuma ba mai iya kwanciya ko motsi babu na tsawon wannan lokaci sau biyu a jere. A 2011 aka gabatar da ta uku mai eriya 60, awo 1,770, wadda ke gama zagaye cikin daƙiƙa 10. Da wannan aka rage matsalar motsi sosai. Aka kuma yi ƙoƙo masu girma daban-daban da ake sakawa ciki, tare da wani gwaji da ke nuna wa ma'aikaciya ko mama ya zauna daidai kafin a fara. Duk da haka akwai matan da girman mamansu bai dace da ko ɗaya ba, kuma abin da ke can kusa da ƙirji ko hammata ba ya shiga ƙoƙon.

2016 da 2019: sakamakon asibiti

A 2016 aka wallafa gwajin na'urar mai eriya 60, tana aiki daga gigahaz 3 zuwa 8, a kan mata 86 da suka zo asibitin mama da wata alama. An kwatanta hotonta da abin da mamogiram da sikanin da gwajin nama suka nuna. Ta nuna abin da ake nema a 64 daga cikin 86, wato kashi 74 cikin 100. A matan da ke da cunkoso adadin ya kai kashi 86. A 2019 aka wallafa gwaji na gaba a asibitoci uku, mata 225, aka samu kashi 76 cikin 100.

Akwai abubuwa biyu game da tsarin waɗannan gwaje-gwaje da ya kamata a riƙe. Matan duk masu alama ne, an riga an san akwai wani abu a maman. Kuma abin da aka ƙirga ya haɗa da sankara, da ƙari marar lahani, da jakar ruwa. Tambayar da aka amsa ita ce ko na'urar tana nuna tabo a inda aka san akwai abu. Ba a tsara su don su faɗi sau nawa take nuna tabo a maman da babu komai a cikinsa ba.

2024: gwajin Landan

Sabon samfurin na'urar ya shiga gwaji a wani babban asibitin sankara a Landan, a hannun likitocin hoto na asibitin. Mata kusan 400 aka tantance sakamakonsu, kuma rahoton ya fito a 2024 a mujallar British Journal of Radiology. Na'urar ta nuna ƙasa da rabin sankarorin a wurin da suke. Matan sun fi jin daɗinta a kan matsin mamogiram, amma a wannan mataki ba za ta tsaya a matsayin abin gano cuta ba.

Inda aikin ya karkata

Daga baya kamfanin ya mai da hankali ga wata na'ura da aikinta ya fi sauƙi: ta auna cunkoson mama, ba ta neman ƙari. Kasuwar wannan awo ta buɗe ne daga wani ɓangare. A 2019 babban gwajin DENSE na ƙasar Holan ya nuna cewa ƙara MRI ga mata masu matsanancin cunkoso ya rage sankarar da ke ɓullowa tsakanin gwaji da gwaji daga 5 zuwa 2.5 a cikin kowace mace 1,000. Daga Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta a sanar da kowace mace matsayin cunkoson mamanta bayan mamogiram. Yawanci sai an yi eksire kafin a san wannan matsayi. Na'urar da za ta faɗe shi cikin 'yan mintuna ba tare da eksire ba za ta iya taimakawa wajen zaɓar wa mace gwajin da ya dace da ita tun farko.

A can Dartmouth ma an samu wani amfani na gefe. A 2013 suka wallafa bibiyar mata 8 da ake yi wa maganin sankara kafin tiyata, ana ɗaukar hoton maikirowef a kai a kai. Sauyin gudanar da lantarki a wurin ƙarin bayan kwana 30 ya tafi daidai da yadda maganin ya ci ko bai ci ba. Mata 8 ba su isa a kafa hujja ba, amma hanyar tana da ma'ana.

Hukunci

A ganina aikin injiniya bai gaza ba. Duk matsalar da ke hannun injiniya an rage ta: lokacin ɗauka ya sauko daga daƙiƙa 90 zuwa 10, awo ya tashi daga 120 zuwa 1,770, an samo dabarar kawar da fata, an gyara zaman mama a ƙoƙo. Abin da ya ƙi gyaruwa yana cikin naman ne. Igiyar ruwa take gani, kuma lafiyayyen naman nono da jakar ruwa da ƙari marar lahani da sankara duk masu ruwa ne. Ƙara eriya yana kaifafa hoto, amma ba ya ƙara tazarar da ke tsakanin nama biyu masu kusan riƙo ɗaya.

Kuskuren da ya fi tsada an yi shi ne kafin 2007, kuma na fagen ne gaba ɗaya. An ɗauki alƙaluma daga samfurori kaɗan, aka gina kwaikwayon mama bisa waɗannan alƙaluma, aka gwada na'ura a kansa, ta yi nasara, aka ɗauki nasarar a matsayin shaida. Kwaikwayon ba abin da zai mayar sai abin da aka zuba masa. Da an yi awo irin na Wisconsin da Calgary shekara 10 kafin lokacin, da an tsara na'urorin da wata manufa dabam, ko aƙalla da an rage alkawari.

Kashi 74 da 76 ba ƙarya ba ne, amma an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Kashi 86 na masu cunkoso shi ya fi jan hankali, tunda a nan mamogiram ke tuntuɓe, sai dai a mama mai cunkoso tabo ba ya wuyar samu, kuma jakar ruwa a cikin lissafin take. Muddin ba a san sau nawa na'ura ke ƙararrawar banza ba, yawan abin da ta gano rabin labari ne. Gwajin Landan bai rushe na baya ba. Tambaya mai wuya ya yi, a hannun mutanen da ba su suka ƙera na'urar ba.

Abin da ya yi aiki kuwa ya yi ne saboda dalilin da ya hana ɗayan. Ninki 10 da ke tsakanin kitse da naman nono shi ne ya cika hoton ƙari da hayaniya, kuma shi ne ainihin abin da awon cunkoso ke buƙata. Bibiyar magani ita ma tana da sa'a ta wannan fuska: an san inda ƙarin yake, ana kwatanta maman da kansa na watan jiya, don haka naman nonon da bai sauya ba ya fita daga lissafi.

Wannan ya shafi asibitocin da mamogiram ya yi musu tsada ko nisa, irin na ƙasashenmu, domin su ne za a fara yi wa tallar na'ura mai araha marar eksire. Kowane tabo da ta nuna yana nufin sikanin, da allurar ciro nama, da likitan da zai duba naman, da kuɗin mota da fargabar iyali. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, na'ura mai yawan ƙararrawar banza tana ƙara layi ne a gaban matar da ke da ƙulli na gaske a mamanta.

Fagen bai rufe ba. An gwada na'urar Wavelia ta Faransa a Galway ta ƙasar Ayalan. MammoWave ta Italiya, mai eriya biyu da ke zagaya mama a cikin iska ba tare da mai ba, ta shiga wani gwaji da Tarayyar Turai ke ɗaukar nauyinsa, wanda aka tsara zai ɗauki mata 10,000 da suka zo gwajin yau da kullum ba tare da wata alama ba. Wannan ne irin taron matan da tawagar Ingila ba ta kai ga gwadawa ba. Alƙaluma biyu ne za a nema a rahotonsa: lafiyayyun mata nawa aka sake kira a banza, da kuma sankara nawa da ba ta kai santimita ɗaya ba aka gano a mama mai cunkoso.